Mu riƙa duba harshen iyalinmu

Idan muka kai yaro gidan likita, ma'aikacin lafiya yakan ce: "Buɗe baki, fito da harshe." Yana da dalili. Harshe yana nuna halin da jiki yake ciki, kuma mu ma muna iya koyon duba shi a gida.

Harshe tsoka ne, babu ƙashi a cikinsa. Tsokoki 8 ne suka haɗu suka yi shi. Huɗu suna canja siffarsa, huɗu kuma suna fito da shi waje su mayar da shi ciki. Da shi muke juya tuwo a baki, mu haɗiye, mu yi magana. A samansa akwai ƙananan tudu masu yawa. A jikinsu ne muke jin zaƙi, da tsami, da ɗaci, da gishiri, da daɗin romo. Fatar da ta rufe shi ba ta da kauri, jini yana kusa. Shi ya sa harshen mai lafiya yake da ja-ja, da danshi.

A zagayen cibiyoyin karatu da muka yi da daminar bara, mun je wani ƙauye a gindin duwatsun Kutus. Wata ɗaliba mai ƙwazo ta bar zuwa karatu. Muka tarar da ita kwance, da ciki wata bakwai. Idan ta ɗauki taɓarya sai haki da jiri. Mutanen gida suka ce nauyin ciki ne kawai. Da ta fito da harshe, sai muka gan shi ya koɗe, ba ja ko kaɗan. Cikin fatar idonta ma fari fat. Mai gidanta ya ɗaura amalanke ya kai ta gidan likita na Kelle. Aka ce ƙarancin jini ne, aka ba ta magani. Ta haihu lafiya, ta koma ajinta.

Ƙarancin jini yana kashe mata wajen haihuwa, yana kashe ƙananan yara. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo shi, haka tsutsar ciki, da haihuwa kusa-kusa, da abinci iri ɗaya kullum. A nan ƙasar Gure ya fi tsanani a watannin Agusta da Satumba, lokacin da sauro ya yi yawa, rumbu kuwa ya yi ƙasa. To, mai ciki ta je awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini kowace rana, ta kwana cikin gidan sauro. A sa wake, da zogale, da rama, da gyaɗa a cikin abinci. Ranar da aka yanka dabba, a ba mai ciki da yara hanta, kada maza su cinye ta a zaure. Shayi kuma yana hana jiki amfana da abin da ke gina jini. A jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci.

Wani lokaci harshe yakan yi ja sosai, ya yi sumul, yana zafi, gefen baki ya tsattsage. Sau da yawa rashin abinci mai gina jiki ne. Nono da ƙwai da ganye suna taimakawa.

Yaro mai zawo, idan harshensa ya bushe, idonsa ya faɗa, ruwan jikinsa yana ƙarewa. A kaɗa ƙunshi 1 na gishirin zawo a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kama hanyar likita. Kada a daina ba shi mama.

Jariri kuma yakan yi wani fari a harshe da cikin kumatu, kamar guntun kindirmo. Idan ya manne, kuma jaririn yana ƙin mama, ciwo ne mai magani. Kada a kankare shi da tsumma ko da farce.

Sai maganar linzami, wato siririyar fatar da ke ƙarƙashin harshe. Kowa yana da ita. Jarirai kaɗan ne takan yi wa gajarta har ta hana su tsotso. Muna girmama wanzamanmu, amma a ƙarƙashin harshe akwai jijiyoyin jini, kuma askar da ba a dafa ba tana kawo ciwon sandarewar jiki. Likita ne ya kamata ya fara gani.

Ga manya: gyambo ko ƙullutu a harshe, wanda ya wuce mako 3 bai warke ba, a kai shi asibitin Gure, ko da ba ya zafi. Yana iya zama ciwon daji, musamman ga masu cin taba da kanwa. Idan an gano shi da wuri ya fi jin magani.

A duba harshe da safe, a waje inda akwai haske. Babba kuma a duba shi kafin ya ci goro, domin goro yana rina harshe ya ɓoye kamarsa.