Ƙaramar ƙusa mai kwantar da mota a garaji

Duk shekara idan hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Janairu, direbobin da ke sammako a kan hanyar Tawa zuwa Agadas ko ta Maraɗi zuwa Damagaram sukan tuna da wata na'ura da suka yi watanni ba su taɓa ba, wato na'urar ɗumama cikin mota, wadda ƴan garaji ke kira shofaji. Ita ce kuma ke busar da gilashin gaba idan numfashin fasinjoji ya rufe shi da asuba, direba ya daina ganin hanya. To amma sau da yawa gyaranta yakan tsaya cik saboda abu guda: ƙusa mai zare, wato bis, wadda ta ci tsatsa ta ƙi kwancewa.

Shi dai shofaji ɗan ƙaramin lagireto ne da ke ɓoye bayan tabulo. Ruwan injin mai zafi, kimanin digiri 90, ke ratsa shi, fanka kuma ta hura ɗuminsa cikin mota. Idan ya huje, za a ga shimfiɗar ƙasa ta jiƙe, ruwan injin yana raguwa, in ba a kula ba injin ya ƙone.

Dalilin tsatsar ba ɓoyayye ba ne. Yawancin motocinmu na hannu ne daga Turai, waɗanda suka daɗe suna shigowa ta Kwatano kafin rufe iyakar Gaya a 2023, wasu kuma ta Lome. A can ana watsa gishiri a tituna lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa abokin gabar ƙarfe ne. Mu kuma a nan sai mu ƙara da zuba ruwan famfo ko na rijiya maimakon ruwan lagireto mai maganin tsatsa. Ɗigon da ke sauka kan ƙusar wata da watanni shi ke manne ta, musamman inda ƙusar ƙarfe ta shiga cikin alminiyam.

Abin da muka lura da shi a garejin unguwanni shi ne, ɓarnar takan fara ne daga abin kwancewa. Ƙusoshi da yawa na motocin Japan irin su Toyota suna da kai mai kama da gicciye, amma yankansu daban ne, wanda ake kira JIS, wasu ma da ɗan ɗigo a kai don shaida. Motocin Turai irin su Peugeot da Volkswagen kuwa sukan zo da mai siffar tauraro, Torx, lamba 20 ko 25. Yaro ya sa turnabis ɗin da bai zauna daidai ba, ya murɗa da ƙarfin tsiya, kan ƙusar ya cinye. Nan take aikin yini guda ya koma na kwanaki, mai taksi yana zaune babu na cefane. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Gogaggun makanikai suna da tsarinsu. Da farko a cire kan batir, saboda wayoyi da jakar iska da ke wurin, a kuma bar injin ya huce. A goge kan ƙusar da buroshin waya, a fesa man kwance tsatsa irin WD-40, a ba shi lokaci, ko da kwana ne. Sannan a sa turnabis daidai da ita, a ɗan ƙwanƙwasa da guduma, a danna sosai, a fara ɗan ɗaurewa kaɗan kafin a kwance, ana yi gaba ana baya. In kan ya riga ya lalace, a kama shi da filaya mai kullewa, ko a yanka masa sabuwar tsaga. Huda ta da injin huda ita ce dabarar ƙarshe.

Wuta fa? Gaskiya ne zafi na sakin tsatsa, kuma a ƙarƙashin mota akan yi wa ƙusa waldar noti a kwance ta. Amma bayan tabulo duk roba ce da wayoyi, don haka mai hankali ba ya kai harshen wuta wurin.

Wasu idan abin ya gagara sai su haɗe tiyo biyun, su kashe shofajin gaba ɗaya. Mota za ta tashi, amma gilashi zai ci gaba da rufewa da asuba.

Don haka muna kira ga iyayen gidan garaji da su tanadi kayan aiki na ƙwarai, su koya wa yaransu haƙuri, su shafa ɗan giris a kowace ƙusa kafin mayar da ita. Masu motoci kuma su daina tsayawa a kan makanike suna azalzalarsa. Allah ya kai kowa gida lafiya.