Babi na Tara: Buɗin Wasa a Darar Ces

Allon ces gida 64 ne, kowane ɗan wasa kuma yana farawa da 'ya'ya 16. Mai farare ke fara motsi, yana da zaɓi 20, mai baƙaƙe ma haka. Ke nan da kowa ya taɓa sau ɗaya, allon na iya ɗaukar siffa 400. Wannan yalwa ta sa masana suka mai da motsi goma zuwa sha biyar na farko fanni mai zaman kansa, wato buɗin wasa.

Abu uku ake nema a wannan mataki: kama tsakiyar allo, fito da manyan 'ya'ya da wuri, da killace sarki a lungu. Buɗin Ruy Lopez, mai ɗauke da sunan wani limamin cocin Sifaniya da ya wallafa littafin ces a 1561, ya nuna haka sarai. Farare su tura sojan gaban sarki gida biyu, baƙaƙe su tare shi da nasu. Dokin farare ya kai wa sojan baƙaƙe hari, dokin baƙaƙe ya ba shi kariya, sai bishof ɗin farare ya fito ya matsa wa dokin lamba. Kowane motsi amsa ce ga wanda ya gabace shi.

A gasa, dole kowane ɗan wasa ya rubuta motsinsa da na abokin karawarsa, shi ya sa wasannin gwanaye ba sa ɓacewa. Daga 1974 aka fara wallafa wani kundi a Belgrade wanda ya kasa buɗin wasa gida 500, daga A00 zuwa E99. Yau kwamfuta na riƙe da miliyoyin wasanni.

Amfanin wannan nazari ya bayyana a karawar neman kambun duniya a Landan a 2000. Vladimir Kramnik ya san Garry Kasparov gwanin kai hari ne, sai ya farfaɗo da wani tsohon reshen Ruy Lopez, kariyar Balin, inda ake musayar sarauniyoyi tun da wuri, wasa ya lafa. Kasparov bai ci ko wasa ɗaya ba, kambun duniya ya kuɓuce masa.

Sai dai hadda babu fahimta ba ta kai mutum ko'ina, domin da abokin karawa ya kauce wa littafi, mai hadda ya rikice. Mai koyo ya ɗauki buɗi ɗaya ko biyu, ya jera wasannin gwanaye a kan allo, ya riƙa tambayar kansa dalilin kowane motsi kafin ya duba na gaba.