HASKEN DA KE YANKA ROBA

Duk wanda ya biyo hanyar mota daga Sakkwato, ya ratsa Aliero, ya sauka Jega, ya miƙe kudu zuwa Maiyama, zai lura allunan sanarwa sun soma sake kama. A da mai fenti ne ke tsugunawa da burushi ya rubuta sunan kanti a jikin kwano. Yanzu kuwa sai ka ga baƙaƙe masu sheƙi an yanke su ɗai-ɗai an manna, ga allon suna bisa teburin sakatare, ga lambar yabo da ake miƙa wa hedimasta ran da ya aje aiki. Waɗannan ba gilashi ba ne. Wata roba ce ana kiranta akirilik, masu sana'a kuwa sun fi saninta da Perspex. Tun da yake malaman ofis da na makaranta su ake aike sayo irin wannan kaya, kuma su ake tuhuma in ya lalace, ya kamata mu yi musu bayani.

Robar ba sabuwa ba ce. Jamusawa suka fito da ita kasuwa a 1933 da sunan Plexiglas, Ingilishi suka biyo da tasu, kuma a yaƙin Hitila da ita aka yi tagogin jiragen sama. Wuƙar ce sabuwa. A 1960 wani Ba'amurke, Theodore Maiman, ya ƙera fitilar da ke tattara haske ya zama siririn zare mai zafi, watau lesa. A 1964 Kumar Patel, mutumin Indiya, ya ƙago irin wadda ke haifar da hasken cikin doguwar kwalba mai iska. Yau an ƙanƙance ta har ta zama akwati bisa tebur. Ka zana abin da kake so a kwamfuta, hasken ya bi zanen, tsagar da zai bari ba ta fi kaurin takarda biyu ba.

To, amma injin iri biyu ne, kuma nan mutane ke asarar kuɗinsu. Akwai mai araha mai shuɗin haske. Wannan yana cin katako da fata da baƙar roba, amma in ka sa masa roba garai sai hasken ya wuce ta cikinta kamar rana ta taga, ko tabo ba zai yi ba. Mai kwalba shi ne na aikin: mai ƙarfin wat 40 yana yanka milimita 3 cikin sauƙi, da lallami har 5 ko 6.

Robar ita ma iri biyu ce, ko da yake a ido ba ka rarrabe su. Akwai ta zubi, wadda ake zuba ruwanta tsakanin gilashi biyu ya daskare. Akwai ta turi, wadda inji ke turowa kamar yadda injin taliya ke fid da kwaɓi. In rubutu za a sassaƙa, kamar allon suna ko lambar yabo, a nemi ta zubi, don rubutunta yakan fito fari fat, a karanta shi daga bakin ƙofa. Na ta turi kuwa yakan fito dishi-dishi, sai an karkata kai. Amma ta turi ta fi araha, bakinta yakan fita sumul, kaurinta kuma bai cika saɓawa ba, saboda haka ta ishi baƙaƙen kanti. Mai hankali ba ya biyan kuɗin falle, mai ƙafa 4 da ƙafa 8, sai ya karɓi ɓalli an gwada a gabansa.

Babban haɗarin shi ne robar fibisi, wadda ake yin bututun ruwa da farin allo mai laushi da ledar talla da ita. Tana nan jibge a shagon masu allo, kusa da akirilik. In lesa ta taɓa ta sai ta tashi hayaƙi mai guba, ya ƙone ƙirjin yaron shago, ya ci ƙarfen injin da tsatsa. Gwajinta ba wuya. A fita waje, a gasa wayar jan ƙarfe, a dangwala a robar, a mayar cikin wuta. In harshen wutar ya juya kore, kada a kusantar da ita injin. Ita kanta akirilik tana kama wuta, don haka ba a tafiya salla a bar inji yana yanka. A tsai da shi tukuna.

Sa'an nan ga halin ƙasarmu, wanda maƙeran injin ba su yi shawara da shi ba. Kwalbar nan da ruwa ake sanyaya ta, ana so kada ya wuce digiri 25, alhali a Maris da Afrilu zafin ƙasar Gwandu yakan haura 40. Wanda bai tanadi injin sanyaya ruwa ko ƙanƙara ba, ya yi aikinsa da sassafe. Da hunturu kuma ƙura takan kwanta kan madubai uku da hasken ke bi, ƙarfinsa ya ragu, mai shi ya yi ta zagin roba ba laifinta.

A ganinmu amfanin injin nan ya wuce lambar yabo. Ɓallayen da ake zubarwa sun isa a yanka rula da ma'aunin kusurwa da baƙaƙen koyon karatu na aji guda. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006. Da ɗalibanta za su ɗauki wannan aiki, da makarantun Jega da Maiyama sun huta da jiran kaya daga Kano ko Ikko.

Wanda kuma aka riga aka ɗora wa allon suna bisa tebur, ya gargaɗi masinja kada ya goge shi da sifirit ko fetur, don bakinsa yakan tsattsage. Ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi sun wadatar.