DISKUS, KIFIN DA AKE KIWO DON KALLO

A nan ƙasar, in an ce kiwo, shanu da awaki da tumaki ake nufi. In an ce kifi, miya ake nufi. Amma a ƙasashen Turai da Asiya da Amurka akwai masu kiwon kifi cikin ɗaki, a akwatin gilashi cike da ruwa. Ba su cin shi, kallonsa kawai suke yi. Cikin irin waɗannan kifaye akwai wani mai tsada da wuyar kiwo, sunansa diskus.

Daga ina ya fito?

Asalinsa kogin Amazon ne, a Amurka ta Kudu, musamman ƙasar Birazil. Dangin karfasa ne, wadda masunta ke kamawa a kogin Kwara da tafkin Cadi. Jikinsa faffaɗa ne, a kewaye kamar faifai. Babba yakan kai santimita 15 ko ya ɗara. Akwai ja, akwai shuɗi, akwai kore, akwai mai zane-zane. Wani masani na birnin Biyena mai suna Hekel shi ya fara rubuta bayaninsa a shekarar 1840.

A can Amazon, diskus yana zama garke-garke cikin ruwa mai ɗumi, marar gudu, tsakanin rassan itatuwan da suka faɗa ruwa. Masunta suna kama shi lokacin da ruwa ya janye. Suna kai shi birane irin su Manawus da ransa, daga nan jirgin sama ya ɗauke shi. Su ma mutanen can sun san fari. A shekarar 2023 ruwa ya ja baya ƙwarai, zafin tafkin Tefe ya kai digiri 39, kifi mai yawa ya mutu. Yau mafi yawan diskus da ake sayarwa haifaffen gida ne. Ƙasashen Maleziya da Tailan da Jamus sun yi suna wajen wannan sana'a.

Kifi mai renon ƴaƴa

Uwa takan zuba ƙwai ɗari ko fiye a jikin ice ko ganye. Ita da uban suna gadinsu tare, suna yi musu fifita. Bayan kwana 2 ko 3 sai su ƙyanƙyashe. Da ƴaƴan sun fara iyo, sai su manne wa iyayensu. Jikin iyayen yana fid da wani yauƙi, shi ne abincin ƴaƴan na makonnin farko, tamkar nono ga maraƙi. In uwa ta gaji, sai ta girgiza, ƴaƴan su koma jikin uba.

Yadda ake zaɓe

Sabon mai kiwo yakan yi asara tun ranar saye. Ya ga launi ya burge shi, ya biya, bayan mako biyu kifi ya mutu. Wanda ya san kiwo ba ya haka. Yana tsayawa ya duba, kamar yadda makiyayi ke duba haƙoran sa a kasuwa.

Kifi mai lafiya goshinsa cike yake, idonsa garau. In mutum ya matso, sai ya taho neman abinci. Wanda ya yi baƙi, ya raɓe a lungu, yana numfashi da sauri, ba shi da lafiya. Wanda kashinsa fari ne kamar zare, akwai cuta a cikinsa. Wanda idonsa ya yi wa jikinsa girma, ya tsumbure tun yana ƙarami, ba zai ƙara girman kirki ba. Kafin a biya, sai a ce mai sayarwa ya ba su abinci a gani. Ga sabon hannu, haifaffen gida ya fi na kogi sauƙi. Kuma a sayi 5 ko 6 tare, don diskus ɗaya tilo ba ya sakewa.

Ruwa da abinci

Kowane babban kifi yana son ruwa kamar litir 50. Kifi 6 ke nan litir 300, wato tano ɗaya da rabi. Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 28 da 30, dare da rana. Saboda haka sai da ma'aunin zafi, da abin ɗumama ruwa, da injin tacewa, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa.

Ba a zuba kifi ranar da aka cika akwati. Ana barin injin ya yi aiki wata ɗaya ko fiye, har wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su yaɗu cikinsa. Su ne ke karya dafin da ke fita daga kashin kifi. Kowane mako ana kwashe kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a zuba sabo mai ɗumi daidai da na ciki. Ruwan pampo yana da maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda ke cutar kifi, sai an kawar da shi tukuna.

Ƙanana suna ci sau 3 ko fiye a yini, manya sau 2. Ana ba su tsutsotsi, da abincin kanti, da niƙaƙƙiyar zuciyar sa. Abin da ya yi saura a kwashe nan da nan, kada ya ruɓe.

Sabon kifi kuwa ba a haɗa shi da na gida. Ana ware shi a wani akwati mako 4, a ga lafiyarsa. Makiyaya sun san wannan, baƙuwar akuya ɗaya mai ciwo tana iya gama garke. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya kiyaye waɗannan abubuwa, diskus ɗinsa yana iya kai shekara 10.