Teburin Tela da Tabarmarsa

Duk wanda ya leƙa shagon tela a babbar kasuwar Garwa ana gab da Sallah ya ga yadda teburin yanka ke cika: atamfa kan shadda, ga almakashi, ga alli. In wuri ya ƙure sai tela ya shimfiɗa tabarma ya sauke yadin da ba yanzu zai taɓa ba. Aiki ba ya tsayawa, sai dai kowace sunkuyawa da lokacin da take ci.

Haka kwamfuta take. RAM shi ne teburin, tabarmar kuwa wani fayil ne da Windows ke warewa a faifan ajiya, sunansa pagefile.sys. In saƙo ya fito, galibi da Faransanci a nan arewacin Kamaru, cewa ma'ajiyar aro ta yi kaɗan, tebur da tabarma ne suka cika maƙil.

Bayan bairos ya shiga, yawanci ta filas ɗin da aka kai shagon buga takardu aka dawo da shi manyan fayiloli sun rikiɗe sun zama gajerun hanyoyi, cunkoson ba na kayanka ba ne. Wani baƙo ne ke jibga tsummokaransa a teburin tun daga kunna na'ura. Abin da ke damuna shi ne yadda ake gaggawar ƙara girman pagefile, wato a faɗaɗa tabarma alhali baƙon na nan zaune.

Fara da korarsa. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka ga wane shiri ne ke lashe RAM, ka kashe duk abin da ba ka sani ba cikin masu tashi tare da Windows. Ka bincike na'urar da filas ɗin da manhajar rigakafi sabuntacciya, sannan ka buɗe tagar umarni a matsayin mai cikakken iko ka rubuta sfc /scannow, don a gyara fayilolin da cutar ta taɓa. Sai bayan nan ka leƙa saitin pagefile, ka bar wa Windows ragamar girmansa, ka kuma tabbata faifan na da sarari.

Tsofaffin na'urori sun fi shan wahala. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoba 2025. Mai RAM giga 2, ko an tsabtace ta tas, a ƙara mata zuwa 4 in za ta ɗauka.