Jirgin da ya faɗi bai kama wuta ba

Masu aikin ceto da suka isa Cove Neck, wani ɗan gari a tsibirin Long Island kusa da New York, a daren 25 ga Janairu 1990, sun tarar da jirgin sama ƙirar Boeing 707 ya daki gefen tudu cikin itatuwa ya dare. Jirgin kamfanin Avianca ne na ƙasar Kolambiya, mai lamba 52, ya taso daga Bogota ya ya da zango a Medeyin. Mutum 158 ne a cikinsa, 73 suka rasu. Abin da ya fara ɗaukar hankalin masu bincike shi ne, duk girman ɓarnar nan babu wuta ko kaɗan.

Amsar wannan ba ta yi wuya ba. Tankunan man jirgin a bushe suke, injinansa huɗu sun mutu tun yana sama. Sai dai amsar ta haifi tambayar da ta fi ta nauyi. Ta yaya mai zai ƙare wa jirgin da ya riga ya iso bakin filin John F. Kennedy, yana kuma magana da masu ba jirage hanya har minti na ƙarshe?

Aka fara duba ko man da aka zuba a Medeyin ne bai kai ba. Ya kai, har da rarar da za ta iya kai shi Boston idan sauka a New York ta gagara. Abin da ya cinye rarar shi ne jira. Daren akwai hazo da iska mai ƙarfi, jirage sun yi cunkoso, aka tsayar da shi yana shawagi a wuri uku, jimilla minti 77.

To ko matuƙan ba su lura ba ne? Akwatin naɗar murya ya kawar da wannan zato. Kyaftin Laureano Caviedes ɗan shekara 51 ne, ya haura sa'a 16,000 yana tuƙi. Shi da mataimakinsa Mauricio Klotz, ɗan shekara 28, da injiniya Matias Moyano, suna ta maganar mai a tsakaninsu da Sifaniyanci. Sun san halin da suke ciki sarai.

Saura zato ɗaya, wanda kowa ke saurin kamawa: wataƙila Turanci ne ba su ji. Kyaftin ɗin kam Turancinsa ba shi da ƙarfi, ga gajiya, don mai yiwuwa da hannu ya yi ta tuƙi saboda na'urar tuƙi da kai ta jirgin tana da matsala. Shi ya sa yake yawan tambayar mataimakinsa me aka ce. Amma Klotz, wanda rediyo ke hannunsa, yana jin Turanci yana mayarwa ba gargada. Kuma ya faɗi maganar mai, ba sau ɗaya ba. A nan binciken ya koma kan yadda aka faɗe ta da yadda aka ji ta.

Da misalin ƙarfe tara saura kwata, Klotz ya ce wa jami'in ba jirage hanya da ke tsare da su suna bukatar a ba su fifiko. Jami'in ya tambayi tsawon lokacin da za su iya ƙara jira, ya ce kamar minti biyar, ya ƙara da cewa Boston ma yanzu ba za su iya kaiwa ba, mai zai ƙare. Nan take aka sake su daga shawagi, aka miƙa su ga jami'i na gaba. Matuƙan suka ɗauka an gane, an sa su gaban layi. Ashe wanda ya yi miƙawar bai ji ƙarshen maganar ba, yana kan wani layin waya a lokacin, don haka jami'i na gaba bai san batun Boston ba. Ya jera su a layi kamar kowa. Su kuma ba su sake tayar masa da zancen ba, tunda a ganinsu sun riga sun faɗa. Daga baya jami'an suka shaida cewa a ƙa'idar aikinsu neman fifiko daban, shelar halin gaggawa daban, kuma ta biyun ce kaɗai ke sa a ture kowa a ba ka hanya.

Da tara da minti ashirin da 'yan kai suka yi yunƙurin sauka, iska ta kusa buga su da ƙasa, ba su ga titin jirgi ba, suka sake tashi. Wannan ne wurin da ya fi ɗaga mini hankali a duk labarin. Kyaftin ya ce wa mataimakinsa da Sifaniyanci ya faɗa musu suna cikin halin gaggawa. Klotz ya danna rediyo, ya fara maimaita kwatancen da aka ba shi, ya ce za su sake gwadawa, sannan a wutsiyar magana ya ce mai yana ƙare musu. Kyaftin ya tambaye shi ko ya faɗa, ya amsa da ladabi cewa e, ya sanar. A ransa ya sanar ɗin. Kyaftin kuma ba shi da Turancin da zai tantance.

Jim kaɗan wani jami'i ya ce zai kai su kamar mil goma sha biyar arewa maso gabas kafin ya juyo da su, ya tambaya ko hakan ya yi daidai da man da suke da shi. Ga dama ta ƙarshe an miƙo. Klotz ya amsa da cewa yana jin ya yi, ya kuma yi godiya ƙwarai. Da kyaftin ya tambayi abin da aka ce, injiniya ya ce mutumin ya fusata. Hankalinsu ya tafi kan sautin muryar jami'in, suna gudun ƙara ɓata masa rai. Da tara da minti talatin da biyu injina suka fara mutuwa.

Duk wanda ya tashi cikin kunya da kara, ya kuma je aiki a asibiti ko banki inda Turanci ne harshen aiki, ya san wannan amsa. Oga ya tambayi ƙaramin ma'aikaci cikin sauri ko aikin zai kammalu, shi kuma ya ce yana jin zai yiwu, alhali ya san ba zai yiwu ba. Ba na ganin adalci ne a jibga wa Klotz laifin duka. Mutum ya ce maka mai yana ƙare masa har sau da dama, kai da ke zaune a ƙasa tambaya ɗaya ta rage gare ka: minti nawa ya saura? Bayan an sake su daga shawagi babu wanda ya yi ta.

Rahoton hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, na 1991 ya ɗora babban dalili kan matuƙan: ba su lura da mansu yadda ya kamata ba, ba su kuma shelanta gaggawa ba. Amma ya lissafa gazawar hukumar jiragen sama ta Amurka wajen sarrafa cunkoso, da rashin tsayayyun kalmomi na bayyana ƙarancin mai waɗanda matuƙi da jami'i za su fahimta iri ɗaya. Daga Maris 2008 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙa da jami'an da ke hulɗa da jiragen ƙasa da ƙasa su kai mataki na huɗu a gwajin Turanci. Cikin abubuwa shida da ake aunawa akwai mu'amala, wato idan mutum ya ga alamar ba a fahimci juna ba, ya iya tsayawa ya tambaya, ya tabbatar, ya sake fayyace abin da yake nufi.