Mako guda ana gudu a kan tsaunuka: me ke faruwa da jiki, kuma mene ne amfanin abokin tafiya?

Duk shekara a farkon watan Satumba, ɗaruruwan 'yan gudu sukan hallara a gindin tsaunukan Alps na nahiyar Turai domin wata gasa mai suna Transalpine Run, wadda aka fara a shekarar 2005. Hanyar takan canza daga shekara zuwa shekara, amma galibi tana ratsa Jamus da Austriya da Suwizalan, ta ƙare a Italiya. Nisanta yakan kai kimanin kilomita 250, ana yin ta cikin kwana 7 ko 8, kuma idan ka tara duk hawan da ke cikinta zai kai wajen mita 15,000. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, ka ga kamar ka hau shi sau shida kenan tun daga bakin teku. An san gasar da gudun mutum biyu-biyu: kai da abokinka ku tashi tare, ku iso tare.

Idan kai da abokanka kuna sha'awar irin wannan tsere, ko kuma kawai kana mamakin yadda jikin ɗan Adam ke jure shi, ga abin da bincike ya nuna.

Lissafin man da jiki ke ƙonawa

Mu ɗauka nauyinka kilo 70 ne, kuma zangon yau kilomita 35 ne mai hawan mita 2,000. A fili, gudu na cin kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinka a kowace kilomita, wato kusan 2,450 kenan. Ɗaga kilo 70 zuwa mita 2,000 aiki ne da ya kai kalori 330, amma tsoka kashi ɗaya cikin huɗu kawai na man da ta ƙona take mayarwa aiki, sauran zafi yake zama. Don haka hawan zai ci wajen 1,300. Idan ka ƙara abin da jiki ke ci don numfashi da bugun zuciya da sauransu, ka haura kalori 5,000 a rana ɗaya.

To ina matsalar? Man da jiki ya fi saurin ƙonawa shi ne sukarin da yake adanawa a tsoka da hanta, wanda ake kira gilaikojin, kuma duka-duka bai wuce giram 500 zuwa 600 ba, wato kalori 2,000 da 'yan kai. Kitse kam akwai shi da yawa, sai dai a hankali yake ƙonewa. Cika rumbun gilaikojin bayan ya ƙare yana ɗaukar kusan awa 24, shi ma sai ka ci giram 8 zuwa 10 na abinci mai sitaci ko sukari a kan kowane kilo na nauyinka. Ga mai kilo 70, wannan daidai yake da sitacin da ke cikin dafaffiyar shinkafa kilo biyu zuwa biyu da rabi. Kai kuma ka iso da rana tsaka a gajiye, cikinka ba ya son abinci, gobe da sassafe za a sake tashi.

Shi ya sa gogaggu suke ci tun suna kan hanya. Hanji na iya tsotse kusan giram 60 na gulukos a awa ɗaya, ya kai 90 idan an haɗa shi da sukarin 'ya'yan itace, domin kowannensu da ƙofar da yake bi ya shiga jini. Dabino da ayaba da dafaffen dankali duk suna yin wannan aiki. Wanda ya tsallake cin abinci ranar Litinin, ranar Laraba zai biya bashin.

Gangara ta fi hawa ɓarna

Yawancin mutane hawa suke tsoro. Ta fuskar numfashi suna da gaskiya: a 2002 masanin Italiya Alberto Minetti da abokan aikinsa sun auna cewa gudu a kan tudu mai tsananin miƙewa yana cin ƙarfi fiye da ninki biyar na gudu a fili, gangara mai matsakaicin karkata kuwa kusan rabin na fili take ci. Amma fa abin da ke hana mutum tashi daga katifa a rana ta uku, gangara ce.

Dalili shi ne, idan kana sauka, tsokar gaban cinyarka birki take yi. Tana ƙoƙarin tsukewa alhali nauyinka yana miƙe ta da ƙarfi, kamar mai riƙe da igiyar guga cike da ruwa yana sassauta ta cikin rijiya a hankali. Irin wannan aiki yana yayyaga ƙananan zaruruwan tsoka, sai kumburi ya biyo baya. Ciwon ba ya zuwa nan take, yakan kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72. Wato ciwon gangarar ranar farko yana iso maka ne daidai lokacin da kake ɗora masa na rana ta biyu da ta uku. Ƙari a kan haka, tsokar da ta ji rauni ba ta karɓar gilaikojin da kyau, sai matsalar abinci ta haɗu da ta rauni.

Akwai labari mai daɗi dai. Tsokar da ta taɓa shan irin wannan wahala tana samun kariya ta makonni, har ta kai watanni, ta yadda karo na biyu ɓarnar ba ta kai ta farko. Saboda haka atisayen saukowa daga tudu sau da yawa kafin gasa yana cikin abubuwan da suka fi amfani.

Ka kula da launin fitsarinka. Idan tsoka ta lalace sosai, takan zubar da wani furotin mai suna mayogulobin cikin jini, wanda ke iya toshe ƙoda. Alamarsa fitsari ya koma launin shayi mai kauri. Wanda ya ga haka, gudu ya ƙare masa, sai wurin likita. Magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda mutane ke haɗiya kamar alewa, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, don haka shan su a wannan hali ƙara wa wuta fetur ne.

Iska da sanyin sama

Kason oksijin a cikin iska ba ya canzawa, kashi 21 cikin ɗari ne a Legas da kan tsauni duka. Matsin iskar ne ke raguwa. A tsayin mita 2,500 ya koma kusan kashi uku cikin huɗu na bakin teku, don haka kowane numfashi oksijin kaɗan yake kai wa jini. Iyakar ƙarfin ɗan gudu yakan ragu da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari a kowace mita 1,000 da ya hau. Kano tana ƙasa da mita 500, Jos kuma wajen 1,200, alhali wasu mashigai na Alps da ake ratsawa sun doshi 3,000.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da rukunin jini na AS, kuma da yawa ba su ma sani ba saboda lafiyarsu ƙalau. Amma idan ƙarancin oksijin ya haɗu da rashin ruwa a jiki da matsanancin aiki, ƙwayoyin jininsu na iya lanƙwashewa irin na mai sikila, su toshe jijiyoyin saifa, kuma haɗarin lalacewar tsoka ya ƙaru. Wannan bai hana mai AS wasa ba, sai dai ya san rukuninsa, ya ga likita, ya hau a hankali, abokinsa kuma ya san da maganar.

Sai sanyi. Zafin iska na sauka da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Idan kun baro kwari mai tsayin mita 600 ana digiri 20, a mashigi mai mita 2,800 za ku tarar da kusan digiri 6, ga iska, ga riga jiƙe da gumi, ruwa kuwa ya fi iska saurin janye zafin jiki da kusan ninki 25. Muddin kana gudu jikinka na samar da zafi, amma da zarar ka gaji ka tsaya, sai ya fara hucewa. A ranar 22 ga Mayun 2021, a wani tseren kilomita 100 a lardin Gansu na ƙasar Sin, ƙanƙara da ruwa da iska suka rutsa da 'yan gudu sanye da gajeren wando da 'yar riga. Mutum 21 cikin 172 suka rasu, har da fitattun gwanaye. Irin wannan haɗari ne ya sa ake tilasta wa kowa ɗaukar rigar ruwa da safar hannu da bargon gaggawa ko da gari ya waye garau.

Ruwa ma yana da iyaka

An saba jin "sha ruwa da yawa", amma wanda ya sha fiye da abin da ya fitar, gishirin sodiyam na jininsa zai tsinke, ruwa ya shiga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura. Wani bincike a kan gudun fanfalaki na Boston na 2002 ya gano haka a jikin kashi 13 cikin ɗari na mutum 488 da aka gwada. Alamunsa ciwon kai da amai da ruɗewa, waɗanda suka yi kama da na rashin ruwa, sai aboki mai kyakkyawar niyya ya ƙara ɗura masa ruwa. Ka bi ƙishirwarka, kuma idan nauyinka ya ƙaru bayan gudu, ka sha ya yi yawa.

To, aboki fa?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma masu bincike sun gwada wannan. A 2008 Simone Schnall da abokan aikinta sun tsayar da mutane a gindin wani tudu suka ce su kimanta miƙewarsa. Waɗanda ke tsaye da aboki sun ga tudun bai kai yadda masu tsayuwa su kaɗai suka gan shi ba. A jami'ar Oxford kuma, Emma Cohen da Robin Dunbar da abokan aikinsu sun gwada matuƙa kwalekwalen tsere, suka ga juriyarsu ga ciwo ta fi ƙaruwa bayan atisaye tare fiye da bayan atisayen mutum shi kaɗai. Tun a shekarun 1920 ma Bajamushe Otto Köhler ya lura cewa idan nasarar ƙungiya ta rataya a kan mafi rauninta, shi mai raunin yakan ƙara himma fiye da yadda zai yi shi kaɗai.

A nan kuma haɗarin yake. Wanda ke jin kunyar ya jawo wa abokinsa baya, shi ne zai ɓoye cewa fitsarinsa ya canza launi, ko ya bi takun da ya fi ƙarfinsa a ranar farko. Sanyi da ƙarancin sukari da tsinkewar sodiyam duk ƙwaƙwalwa suke fara taɓawa, don haka wanda abin ya kama shi ne na ƙarshen ganewa. Kai da ke gefensa ne za ka ga ya yi shiru, yana tuntuɓe, harshensa ya yi nauyi, ko ya kasa zuge zif ɗin rigarsa.

Saboda haka ku yi magana tun kuna gida. Ku yarda cewa mai rauni a ranar shi ke gaba, kuma mai raunin yau ba lallai ne shi ne na gobe ba. Mai ƙarfi ya karɓi wani abu daga kayan ɗan'uwansa, ya riƙa tuna masa ci duk bayan rabin awa. Ku tsayar da alamun da idan ɗaya ya gan su a jikin ɗaya, magana ta ƙare, za a tsaya ba gardama: baƙin fitsari, ruɗewa, rawar sanyin da ta ƙi tsayawa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Kwana biyun farko kuma ku tafi a takun da za ku iya hira ba tare da haki ba. Sannu ba ta hana zuwa, kuma cinyar da kuka tausaya wa ranar Lahadi ita ce za ta sauko da ku daga tsauni ranar Asabar.